Baffa, Wanda Ya Zubar da Man Gara

Yaran yanzu ba su san kwalba ta taɓa zama dukiya ba. Yau in ka bi kwata a Birnin Kudu, robar ruwa da ta lemo ce ta toshe ta, ba mai sunkuyawa ya ɗauka. Mu da muka yi wayo kafin arzikin man fetur ya zo, mun ga lokacin da mace ke ɓoye kwalba guda a ƙarƙashin gado, in ta fashe maƙwabta su shigo yi mata jaje. Duk wanda ke aiki a birni, in ya zo gida, bayan gaisuwa sai a tambaye shi ko ya taho da kwalba ko gwangwani. Ka hana ɗan'uwanka abin da kai ma zubarwa za ka yi, a lokacin babu rowar da ta kai wannan. Wanda bai san haka ba, ba zai gane abin da ya shiga tsakanin Baffa da Gwaggo ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Ya rasu a Gwaram makon jiya, bayan ya tsufa ƙwarai. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Gwaggo ita ce autarsu, tana zaune a Birnin Kudu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Fiye da rabin rayuwarsu ba ta yi masa magana baki da baki ba.

A rumfar zaman makoki na ji yadda mutane ke auna shi. Wani ya ce, "Mutum ne mai gaskiya." Na kusa da shi ya ƙara da, "Sai dai zafi." Wani tsoho daga Fagam, wanda suka yi makarantar allo tare, ya shafa addu'a ya ce, "Allah ya jiƙan mai fasa kwalba." Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya, samari suka kalli juna ba su gane ba. Da aka ɗan watse, liman ya ja ni gefe.

"Malam, kai ne babba yanzu a gidan nan. Kowa ya ce ya yafe masa, ban da ƙanwarsa. Ta zo, tana cikin gida, amma mata sun ce ba ta furta ba. Ka shiga ka roƙa masa. Ka ce ya yi kuskure, sharrin zuciya ne."

Na ce zan shiga, amma ba zan ce ya yi kuskure ba. Liman ya dube ni kamar ya ga Baffa ya taso. Dalilina ne nake so in rubuta a nan, don kada a bar jikokinsa da labarin wani tsoho mai rowa da zafin kai.

Baffa yana cikin 'yan farko daga ƙasar Gwaram da suka yi karatun kimiyya. Bayan samun mulkin kai aka tura shi Ingila koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje, ya dawo ya zama shugaban ma'aikatan ɗakin a wata jami'a a nan Arewa. Ni ma can na fara koyarwa da bincike, a shekarun da kuɗin mai ke kwarara, ana sauke mana injuna a akwatuna har wasu ba a taɓa buɗe su ba. A ofis ni ne malami, shi ma'aikaci. A cikin ɗakin kuwa, da ni da farfesa duk ƙarƙashinsa muke.

Aikinmu a kan gyaɗa ne, bayan cutar nan da ta cinye gonakin mutane. Muna so mu ga irin furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin tsiron da ya kamu da wanda ya tsira. Ana raba su ne a cikin wani abu da ake kira jel, faifai ne garai-garai, siriri, mai taushi kamar kokon da ya kwana ya daskare. Kafin nan an sa wa furotin ɗin alama da wani sinadari mai fitar da hasken da ido ba ya gani, irin wanda yawansa a jiki ke jawo ciwon daji. Hasken ba shi da ƙarfi, don haka sai a jiƙa jel ɗin a wani ruwan magani da aka narkar da wata hoda a ciki, wadda ke ƙara masa haske. Sannan a busar da shi, a manna shi da fim irin na hoton ƙashi, a kulle a firiza na makonni. Sunan aikin filorogirafi. In komai ya tafi daidai, sai ka wanke fim ka ga layuka baƙaƙe a jere, ka karanta.

Wurin busarwa ne ake kuka. Ana shimfiɗa jel a kan takarda mai kauri, a rufe da shimfiɗar roba, famfo ya riƙa zuƙe iska, ƙasa kuma ana ɗumama shi. In iska ta shiga kafin ya bushe sarai, nan take zai tsattsage kamar fadama a ƙarshen rani. Aikin watanni ya tafi. Mu kuwa matasa ba mu da haƙuri, sai mutum ya ɗaga gefen robar don ya leƙa. Baffa yakan taho ta baya ya ɗora hannu a kan naka.

"Me kake nema?"

"Ina so in ga ko ya bushe, Baffa."

"In har kana tambaya, bai bushe ba. Je ka sha iska."

Yakan taɓa robar da bayan hannu. In akwai wurin da ke da sanyi, akwai sauran ruwa a ƙasa. Sai duk ta ɗau ɗumi bai ɗaya, sannan ya kashe wuta ya bar ta ta huce, famfo na ci gaba da aiki. Kafin busarwa kuma dole ka jiƙa jel a ruwan giliserin, irin wanda mata ke shafawa a ƙafa. Ya ce jel da diddige halinsu ɗaya, in ka bar su ba maiƙo sai faso.

Akwai abin da haƙuri ba ya maganinsa, wato ɗaukewar wuta. Wata rana da hantsi jel ɗina mafi muhimmanci yana kan injin busarwa, wuta ta tafi, famfo ya yi shiru. Na ji ƙarar tsagewar da kunnena. Na koma kan kujera na zauna. Baffa bai ce mini sannu ba. Ya sa safar hannu, ya ɗauko hantsaki da gashin kaza, ya zauna yana jera gutsattsarin a kan sabuwar takarda, kowane a mazauninsa, har aka yi la'asar. Hoton da ya fito yana da zane-zane kamar fuskar Bagobiri, amma ya karantu. Da shi na kammala digirina na ƙarshe.

Bayan wannan ya ce ba zai ƙara jingina aikin mutane da wutar da ba ta da alkawari ba. Da ya zo hutu, ya sa wani kafinta a Birnin Kudu ya yi masa firam biyu na katako. Sai ya sa jel tsakanin jiƙaƙƙun ledojin selofen biyu, ya lailaye kumfar iska da yatsa har ba saura ko ɗaya, domin daga kumfa tsaga ke farawa, ya ɗaure a firam ya jingine a inuwa. Iskar ƙasarmu ta yi sauran aikin. Na yi aiki daga baya a Jamus, na ga suna sayen irin wannan firam ɗin daga kamfani a cikin kwali mai kyau. Nasu ya fi sheƙi. Bushewa dai ɗaya ce.

Amma ba tsagewar jel ce ta fi damunsa ba, ruwan maganin nan ne. Halinsa shi ne yana ratsa fata kamar babu ita, kuma duk abin da ya narke a cikinsa tare suke shiga. In ɗigo ya taɓa maka hannu, ba da jimawa ba za ka ji ɗanɗanon tafarnuwa a bakinka. Baffa yakan tsaya a ƙofa lokacin tashi, ya ce wa ɗalibi, "Yi mini hamma." In ya ji tafarnuwa, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu. Littattafan Turawa sun ce a sa safar hannu, kada a ci abinci a ɗaki. Baffa ya ƙara nasa. Ba a shiga da goro, domin goro daga hannu zuwa hannu yake yawo. Ba a ajiye buta a ɗakin. Ba a fita daga kan aiki a zarce alwala, sai an wanke hannu da sabulu a famfon waje tukuna.

"Bature ya wanke hannu ya ɗau cokali," in ji shi. "Kai kuwa da tafin nan za ka ɗebi ruwa ka kai baki, ka kai hanci. Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin alwala ba."

Lokacin da fankar da ke janye tururi ta lalace, ya kulle kabad ɗin magungunan ya sa makulli a aljihu. Farfesa yana da taro a ƙasar waje, yana son sakamako, ya yi faɗa, ya ce zai kai ƙara sama. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka kai. Ga hanya." Ba a buɗe kabad ba sai da aka gyara fanka. Daga baya da labari ya zo cewa wani gishiri, ɗan'uwan maganin ciwon kai, yana yin aikin a cikin ruwa zalla, shi ya fara gwadawa, ya mayar da mu kansa. Ko da shi ma bai yarda a cire safar hannu ba.

To, ruwan maganin nan a manyan kwalabe yake zuwa, masu ruwan ƙasa-ƙasa, masu kauri, da murfi mai murɗawa. Ban taɓa ganin kwalba mai kyansu ba. In ɗaya ta ƙare, a cikinta muke tara ruwan da aka riga aka yi aiki da shi, da hodar, da burbushin sinadarin nan mai haske. Baffa yakan zagaye wuyan kowace da jan fenti. Duk wadda aka juye, sai ya sa a kai ta rami a bayan jami'a, a fasa, a binne.

Gwaggo ta ga irinsu wata rana da ta kawo masa ziyara. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk Birnin Kudu an san manta. Ta ce, "Yaya, ka ajiye mini ko biyu." Ya ce a'a, guba ce. Ta ce za ta wanke. Ya ce a'a. Ta koma gida ta ce wa mahaifina, "Ɗan'uwanku ya zama Bature, gara ya fasa da ya ba ni."

Bayan wani lokaci aka sa bikin 'yarta ta fari, za a kai ta Farin Dutse. Gwaggo ta ce man gara da hannunta za ta yi shi, ba za a kai wa surukai man kasuwa ba. Ta soya, ta niƙa, ta matse, har hannuwanta suka kumbura. Akwai wani direba a sashenmu, mutumin garinmu ne, shi aka ba kwalabe ya kai rami. Ya dube su ya ga asara, ya kuma san Gwaggo na so. Ya ɗauraye su, ya kai mata a ɓoye. Ba mugunta ya yi ba. Zumunci ya yi, irin wanda aka koya mana duka.

Ranar kai gara muka iso tare da Baffa da hantsi. Tsakar gida cike da mata, ga buhunan shinkafa da gero, ga alkaki da nakiya a fanteka, motar ɗaukar kaya na jira a ƙofa. A gaban ɗakin Gwaggo, a kan sabuwar tabarma, ga kwalabe a jere cike da mai, rana na dukansu, mata na zagayawa suna yabo. An kankare jan fentin, amma akwai saura a ƙarƙashin murfi.

Baffa ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta.

"Auta, ina kika samu wannan?"

"Inda ka hana ni."

"An taɓa man? An yi girki da shi?"

"Na gara ne, wa zai taɓa? Yaya, ajiye mini kayana. Na wanke su da toka, na wanke da sabulu, na shanya a rana. Shinshina ka ji."

"Ba a jin sa da hanci."

"To nawa ya rage a ciki, tunda kai ne masani?"

"Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Ba kuma a cikin jikokinki zan auna ba."

Wata daga dangin mijinta ta ce, "Kai Malam, ai ko kwalbar fiya-fiya ana wankewa a zuba mai." Bai ko kalle ta ba. Ya ce in ɗauko fartanya in bi shi. Muka kwashe kwalaben zuwa bayan gida, na haƙa rami, ya tsiyaye man nan kakaf, ya fasa kwalaben a kai da dutse, ya mayar da ƙasa. Ƙamshin man ya cika unguwa. Gwaggo tana tsaye a bakin zaure, ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Da ya dawo yana kakkaɓe riga, ta ce, "Ka gama? To daga yau ba ni da wa."

Ya aika kasuwa aka sayo mai a gwangwani. Ta ce a fitar mata da shi daga gida. Haka aka kai gara ba mai. A Farin Dutse an daɗe ana maganar amaryar da uwarta mai sayar da mai ce, aka kawo ta ba ko ɗigo. Wanda ya san mata da gara ya san wannan ba ƙaramin tabo ba ne.

Mahaifina ya kira su sulhu. Baffa ya ce, "Kunyar da ta sha, a ba ta haƙuri, na ji zafinta. Man kuwa, in an sake zubawa gobe zan sake zubarwa." Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta fita. Aka sake gwadawa da Sallah, aka gwada da rasuwar mahaifina, maganarsa ba ta canza ba. Duk kaka, bayan ya yi ritaya ya koma noma a Fagam, sai ya aika mata buhunan gyaɗa. Takan karɓa ta ce wa ɗan aike, "Ka ce na ga gyaɗar gonar babanmu." In ya ji, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai kuwa ta babanmu ce."

Na yi yawo bayan haka, kuma duk inda na je ina duba kwalabe. A Jamus mota ke zuwa ta kwashe su, na ba wani abokin aikina labarin Gwaggo da harshensu, ya kasa gane me mutum zai yi da kwalbar da ba komai a ciki. A wata kasuwa a Sudan na ga irinsu sak, cike da man riɗi, na yi wa mai shagon magana da Larabci, ya ce, "Ai mun wanke." A Senegal na gan su da zuma. Waɗanda suka ƙera maganin sun rubuta gargaɗi a kan komai, ban da wannan, domin a ƙasarsu ba wanda ke da ƙanwa mai jiran kwalba. Sai an sami wanda ya san ɗakin gwaje-gwaje ya kuma san tsakar gida. A wurinmu Baffa ne, kuma shi ya biya.

Ba zan ce man nan da an ci da an mutu ba. Ban sani ba, shi ma bai taɓa cewa ya sani ba. Masu cewa ga shi ba abin da ya faru, ina tambayarsu: da me zai faru, bayan man yana cikin rami?

Da wannan a raina na shiga cikin gida wurin Gwaggo. Tana zaune a ɗakin matar Baffa, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. Mata suka ba mu wuri. Na durƙusa na yi mata gaisuwa.

"An turo ka ko, Baturen gidanmu?"

"An turo ni, Gwaggo."

"To faɗi abin da aka ce ka faɗa."

"An ce in ce ya yi kuskure. Ba zan faɗa ba, don bai yi ba. Ni na haƙa ramin, yau ma zan haƙa. Kunyar da kika sha ce nake roƙo a kanta."

Ta dube ni. "Duk jininku ɗaya. Mutum yana kabari ma sai an yi gardama a madadinsa." Ta ja carbi. "Ni ba man ne ya ƙona ni ba. A gaban dangin miji ya yi mini. Da ya kira ni ɗaki, mu biyu."

"Da ya kira ki ɗaki, Gwaggo, da kin yarda a zubar?"

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye.

"Da na ce masa to, in ya fita in sa a loda a mota."

"Ya san haka."

"Ya sani mana. Shi ya goya ni." Ta share fuska da gefen mayafi. "Je ka ce wa liman na yafe. Kada ka ƙara ko kalma a kai. Ba kuma na ce ya kyauta ba."

Na fita na faɗa wa liman yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa tsayuwar da ya yi ta zama nauyi a mizaninsa. Ba na roƙon kowa ya ce Baffa mai sauƙin hali ne. Ina dai ƙin a ce rowa ce ko girman kai.

Tun daga wancan bikin, a zuriyarmu, daga Gwaram har Birnin Kudu, ba a sake zuba abin ci a mazubin da ba a san abin da ya fara zama a cikinsa ba, kuma gidan Gwaggo ne ya fi kowane tsanani a kan haka. Ita da yayanta kuwa ba su sake zama sun yi hira ba, yanzu kuma ba za su yi ba.